Wa ya taɓa aiki da railML? Na maƙale a kan siginonin tashar Zariya

Ɗan_Samaru:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu harkar sufuri da masu kwamfuta ku zo ku cece ni, sati uku kenan ina tufka da warwara. Ina ajin ƙarshe, furojet ɗina a kan yadda za a rubuta kayan sigina na jirgin ƙasa a cikin fayil mai tsari ne, irin wanda in ka ba wata manhaja za ta karanta ta gane da kanta ba sai mutum ya zauna yana mata bayani ba. Sufabaiza na ya ce in yi da railML, wani tsarin rubuta bayanan layin dogo a fayil na XML, in ɗauki tashar jirgi ta Sabon Gari misali tunda mahaɗa ce, ga layin da ya taso daga Kaduna ya wuce Kano, ga kuma reshen da ya ɓalle ya nufi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Ya ce ba sai na kwafo tashar yadda take ba, in sauƙaƙa ta, layuka uku da sigina shida sun isa.

To ni abin da na fara yi, na buɗe Excel na jera su, kowace sigina da sunanta da irinta da lambobin GPS da na ciro daga hoton tauraron ɗan adam. Na rubuta 'yar Python ta juye min teburin zuwa XML, har na fara cika baki a hostel wai na gama. Da na kai wa malam tambaya ɗaya tak ya yi min, ya ɗora biro a kan siginar da na sa wa suna S3 ya ce, "wannan jirgin da ya fito daga ina take tsayarwa?" Wallahi na buɗe baki na rufe. Don a fayil ɗin nawa ɗigo ce kawai a taswira, tsakanin layuka biyu ma ta faɗo, ba ka sanin ta wane ce balle inda take kallo.

Yanzu na koma na buɗe takardun railML ɗin da kyau sai kaina ya ƙara ɗaurewa. Na ga wani abu signalIS na ga wani kuma signalIL, shin sigina ɗaya sau biyu zan rubuta ta ko yaya? Sannan sanda ɗaya mai hannu biyu irin na da, ɗaya ce ko biyu? Abin da ya fi ba ni haushi kuma shi ne masauyin layi, wato inda layi ɗaya ke rabewa biyu. Na ce wa Python ta nemo min hanya daga ɓangaren Kano zuwa ɓangaren Funtuwa a zanen nawa, kawai sai ta kawo jirgi bakin masauyin ta sha kwana da shi kamar ɗan acaɓa. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki in miƙa, ku taimaka.

Injiniya_Basawa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, tambayar da malaminka ya yi maka ita ce furojet ɗin gaba ɗaya. Kuskurenka ɗaya ne, ka fara da sigina alhali ita ake sakawa daga baya. Layin ake fara shimfiɗawa tukuna.

railML na 3 an ɗora shi ne a kan RailTopoModel, wanda ƙungiyar jiragen ƙasa ta duniya UIC ta fitar a 2016 da lamba IRS 30100. Abin da yake cewa a taƙaice, ka manta da taswira na ɗan lokaci, ka ɗauki almakashi ka yanka layinka a duk inda ya rabe. Kowane guntu shi ne netElement, yana da farko da ake ba 0 da ƙarshe da ake ba 1, kai ne za ka zaɓi wane kai ne farko amma in ka zaɓa ka zaɓa kenan. Ni shawarata duk ka sa su fuskanci waje ɗaya, a ce daga Kaduna zuwa Kano, don in ka juya guda ɗaya a tsakiya sai ka kwana kana neman inda ya ɓaci. Inda guntu biyu suka haɗu kuma sai ka rubuta netRelation, ka faɗi wane kan na wannan ya taɓa wane kan na wancan, sannan ka faɗi ko jirgi na iya bi.

Nan ne ɗan acaɓanka ya fito. A masauyi ɗaya guntaye uku ne suka haɗu, mu ce A shi ne wanda ya taho daga tasha, B ya miƙe Kano, C ya karkata Funtuwa. Alaƙa uku za ka rubuta. A da B ana bi, A da C ana bi, B da C sun taɓa juna amma navigability ɗinsu None ne. Kai ka haɗa ukun a ɗigo ɗaya kamar mararrabar mota, ita kuwa Python ba ta san jirgi ba shi da sitiyari ba. Da ka gyara wannan za ka ga ta dawo tana gaya maka sai jirgin ya shigo A ya tsaya ya ja da baya, wanda shi ne gaskiya.

Sai sigina. Ita ba a GPS take zaune ba, a kan guntu take zaune. spotLocation ɗinta zai ce ga netElement ɗin da take kai, ga nisan da take daga farkonsa, ga kuma applicationDirection, ko normal ko reverse, wato ko tana magana da jirgin da ke bin guntun daga 0 zuwa 1 ko mai dawowa. Shi kenan ka amsa wa malam S3. GPS ɗin ba laifi ka bar shi don zane, amma ado ne.

Batun IS da IL kuwa ba maimaici ba ne. Ka ɗauki ɗan sandan da ke ba da hannu a Kwangila. Inda yake tsaye da ɓangaren da yake fuskanta abu ɗaya ne, umarnin da aka ba shi na wa zai tsayar da yaushe zai saki wani abu ne daban. signalIS shi ne ƙarfen da aka kafa a ƙasa, wanda mai gyara zai je ya taɓa da hannu. signalIL shi ne aikinta a cikin intalokin, wato tsarin da ke sarƙe sigina da masauyi don kada a ba jirage biyu hanya ɗaya, kuma yana nuni ne zuwa ga na IS ɗin ta hanyar id, ba ka sake rubuta wurin. Haka switchIS da switchIL na masauyi. Amfanin rabawar, mai lissafin jadawali ba ruwansa da sarƙe-sarƙen, mai sarƙe-sarƙen ba ruwansa da tsayin sanda, kowa ya ɗauki rabonsa a fayil ɗaya.

Sai ka yi hattara da abu ɗaya. railML tun 2002 aka fara shi, mutanen Fraunhofer na Dresden a Jamus da jami'ar ETH ta Zurich, kuma na 2 ɓangare uku ne kawai a cikinsa, layi da jadawali da jiragen kansu. Ɓangaren intalokin sai a 3.1 ya shigo, a 2019. Yawancin misalan da za ka ci karo da su a intanet na 2 ne, a can signal guda ce a cikin track. In ka gauraya su fayil ɗin ba zai taɓa wuce tantancewa ba. Wane ka sauko da shi?

Kwamandan_Hanwa:

Ni fa ban gane wahalar da kai ɗin nan ba. Sigina shida kacal za a ce sai an kawo wani tsarin Jamusawa? Ka zuba su a JSON minti goma ka gama ka je ka sha shayi. XML ai ya tsufa, buɗe tag rufe tag kamar mai ƙirga tasbaha. Kuma ma wai tsohon layin nan jirgi nawa ke bi yanzu, da sabon na Kaduna zuwa Kano aka ce ka yi da na ce to da sauƙi.

Maman_Iklima:

Kwamanda ba rigimar XML da JSON ake yi ba. Ko a bayan kwalin sigari ka rubuta, tambayar ita ce in ka ce "nisa 350", wanda ka tura wa ya san mita ne, kuma daga ina aka fara aunawa? Kai ka sani don kai ka rubuta. Wanda ke wani kamfani da wata manhaja bai sani ba, sai ya kira ka a waya, in ka bar aikin shi kenan. Abin da railML ke ba ka kenan, an riga an yi yarjejeniya a kan ma'anar kowace kalma. Kuma batun sabon layi ma hujja ce a kanka, tsohon faɗinsa milimita 1067 ne, sabon irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1435, in aka gama na Kano gari ɗaya zai zama da layi iri biyu da sigina iri biyu, ka ga ai lokacin ne ma ake buƙatar rubutu mai tsari.

Ɗan Samaru ni aikin taswira nake yi, ga abin da zan ƙara. Ka leƙa OpenRailwayMap, taswirar layukan dogo ta intanet, ka ga yadda suke yi, ko su da suke taswira zalla a kan layin suke ɗora siginar, su sa railway=signal sannan su faɗi direction ɗinta forward ko backward, su faɗi tana hagu ko dama. Amma kar ka ɗauki abin da ke can kamar wahayi, 'yan sa kai ne ke zanawa.

Na biyu ka raba id da suna. S3 suna ne na mutane, gobe ana iya canza shi, kuma wata tashar ma tana da S3 ɗinta. id kuwa naka ne na cikin fayil, kar ya taɓa canzawa, kar ka fara shi da lamba don nau'in ID na XML bai yarda ba. Ni wannan ya taɓa cinye min yini guda cur, ina ta zagin kwamfuta ashe laifina ne.

Na uku kilomita. Alamar kilomita da ke gefen layi ba ita ce ainihin tsawon ƙarfe ba, in an taɓa gyara layi an miƙar da kwana alamun ba sa tashi daga inda suke. Kuma a mahaɗa irin taku ka ba babban layi nasa ƙirgen ka ba reshen nasa, linearPositioningSystem biyu kenan, in ba haka ba wata rana za ka samu wuri biyu masu kilomita ɗaya.

Baba_Reluwe:

Salamu alaikum. Jikata ce ta karanta min wannan kuma ita ke rubuta min, in an ga kuskure nata ne. Ni ban san kwamfuta ba amma na ja liba, wato ƙarfen da ake ja da hannu a juya masauyi ko sigina, shekaru masu yawa, kuma abin da Injiniya ya faɗa da Turancinsa mu da hannu muka san shi.

Yaro abin da kuke kira intalokin ƙarfe ne a ƙarƙashin libobi. In ba ka juya masauyi ya zauna daidai ba ka kulle shi, libar sigina ba za ta motsa ba ko kai Ɗan Anace ne. In kuma ka ja ta siginar, ta masauyin ta ƙame kenan sai ka mayar. Duk sabon yaron da aka kawo mana sai mun bar shi ya gwada, ya dafa ƙafa ya ja har jijiyar wuyansa ta fito muna gefe muna dariya, sannan a nuna masa takardar da ke jikin bango mai cewa kafin ka ja wannan sai ka ja wancan da wancan. To waccan takardar ita ce malaminka yake so ka sa a kwamfuta, ba sandunan ba. Sanduna ai kowa na ganinsu.

Tambayarka ta sanda mai hannu biyu. A mahaɗa kowane hannu da hanyarsa, kowane da libarsa da wayarsa. Wanda ya fi tsayi na babban layi ne, na ƙasa na reshe. Direba tun daga nesa in ya ga wanda ya sauka ya san inda za a kai shi, ya san ko zai rage gudu. Saboda haka a wurin mai fenti da mai zuba kananzir a fitila sanda ɗaya ce, tsani ɗaya zai hau. A wurina ni mai liba biyu ne. Kuma hannun an yi shi ne yadda in waya ta tsinke nauyi zai mayar da shi ya miƙe ya ce tsaya, ba ya taɓa lalacewa ya ce wuce. Wayar nan ma da zafin rana saki take yi, da sanyin asuba na hunturu ta ɗaure, sai an riƙa daidaita ta. In hazo ya sauko kuwa siginar da kake hangowa tun daga nesa sai ka zo gindinta.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka. Akwai wata ƙaramar tasha da na yi aiki, aka matsar da sigina gaba kaɗan saboda dogayen taragun gyaɗa da auduga ba sa shigewa duka, a ƙasa an matsar, a takarda ba a matsar ba. Shekaru muna aiki lafiya don duk mun sani a ka. Ranar da baƙo ya zo dubawa da zanensa a hannu muka yi ta musu da shi har azahar, shi yana nuna takarda mu muna nuna ƙasa. Duk abin da za ka rubuta ka sa ranar da ka gani da wanda ya gani.

Kuma kai mai cewa tsohon layi, tun 1911 jirgi ya wuce ta garin nan ya isa Kano, na Ƙauran Namoda aka gama a 1929, har wani ɗan siririn layi aka taɓa yi daga nan zuwa Jos wanda aka rufe a 1957. Sabon Garin da kake yawo a ciki albarkar dogon nan ya ci.

Ɗan_Samaru:

Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Yallaɓai Injiniya 3.1 na sauko da shi, amma ka kama ni, rabin abin da na kwafa na 2 ne shi ya sa kurakurai ke ta zubo min. Jiya da daddare na yanka zanen ya zama guntu tara, na sa None a inda ka ce, ɗan acaɓa ya daina shan kwana alhamdu lillah. Anti na gyara id ɗin ma, da duk da lamba na fara su.

Saura abu biyu. Waccan takardar bangon ta Baba, a ina take shiga a fayil ɗin? Sannan hannu biyun nan har yanzu ban san yadda zan yi ba, Baba ya ce ɗaya ce kuma biyu ne. Kwamanda kai kuma shayin da ka ce, kai za ka biya?

Injiniya_Basawa:

Takardar Baba ita ce route a ɓangaren intalokin. Kowace hanya tana farawa daga wata sigina ta ƙare a wata, a tsakani ka jero masauyan da za a bi da inda kowane zai kwanta, hagu ko dama, da sassan layin da dole su kasance babu komai a kai. Waɗannan sassan su ne tvdSection, iyakokinsu kuma na'urorin gane jirgi ne, ko dai irin wanda ake sa wa ƙarfen dogo wuta ƙafafun jirgi su haɗe ta, dabarar da William Robinson ya yi wa rajista a Amurka tun 1872, ko kuma mai ƙirga ƙafafun jirgi shiga da fita. Tsohon tsarin liba bai cika samun waɗannan ba, idon mutum irin su Baba ne ke aikin, don haka in ka sa su a misalinka ka faɗa a rahoto cewa kai ka ƙara. Kar ka manta da overlap, ɗan filin da ake bari a bayan siginar ƙarshe ko da birki ya ƙi ci, da kuma masauyin gefe da ake juyarwa don kada wani tarago ya gangaro maka ta haƙarƙari. Ɗalibai a nan suka fi faɗuwa, su kalli gaban jirgi kawai su manta da gefe.

Hannu biyu kuwa, ni a ra'ayina ka bi Baba mai liba. Tunda kowane hannu da umarninsa ka rubuta su biyu, wuri ɗaya, fuska ɗaya, ka nuna a suna cewa sanda ɗaya ce ta ɗauke su. Da fitilar zamani ce mai kai ɗaya da alamar nuna hanya da na ce ɗaya. Wani zai iya saɓa min, ba komai, kai dai ka rubuta abin da ka zaɓa da dalilinka a babi na uku kuma ka tsaya a kai har ƙarshe.

Kullum ka riƙa gwada fayil ɗin da XSD, wato fayil ɗin ƙa'idojin railML, manhajar xmllint ta ishe ka, akwai kuma railVIVID da ke nuna maka zanen. Sai dai ka sani wuce tantancewa ba ya nufin tashar ta yi daidai, nahawu kawai ya duba maka, za ka iya sa siginar ta kalli Kaduna alhali Kano ya kamata ta kalla, shi kuwa ya ce maka lafiya lau. Gwajin gaske ka sa Python ɗinka ta ɗauki hanyoyi bibbiyu ta gaya maka waɗanne ke karo da juna, ka kwatanta da abin da mai liba zai ce. In kana son babin nazarin baya ya yi kauri ka karanta EULYNX, na kamfanonin layin dogo na Turai, su ma suna da nasu tsarin bayanan sigina. Kuma kar ka je ka hau layi da waya kana ɗaukar hoto ba izini, ka karɓi takarda daga sashenku tukuna.

Baba_Reluwe:

Yaro in ka gama jera hanyoyin ka kawo min in duba maka waɗanda ba za su yiwu tare ba. Jikata za ta turo maka kwatance, ranar Asabar bayan la'asar ina gida. Amma ka bugo shi a takarda da manyan baƙaƙe, kar ka zo min da waya, idon ya yi rauni.